Daren da na kira sunan ɗan farina

A wurin zaman makoki na ce wa mutane zazzaɓi ne ya ɗauke ɗana. Ba zazzaɓi ba ne. Sai da na shekara biyu kafin bakina ya iya faɗar gaskiya a gaban jama'a, yau kuma nake rubuta ta. Na nemi izinin mahaifiyarsa, ta ce in rubuta, amma kada in sa sunan kowa. Ba zan sa ba.

An haife ni a wani ƙauye da ke yankin Kura, inda ruwan madatsar Tiga yake bin magudanai yana shayar da gonaki rani da damina. Mu ba mu san zaman rani ba. Ana cire shinkafa sai alkama, sai tumatir da albasa da tattasai. Na tashi na tarar da kakata tana ajiye waken gidanmu a cikin tulu. Za ta tankaɗe toka mai sanyi ta gauraya da waken, ta jefa busasshen barkono, ta liƙe bakin tulun da laka. Sai damina ta yi tsakiya a fasa, wake ya fito lafiya lau. Muna yara muna ganin wannan aikin tsofaffi ne, abin da ya wuce zamani.

Abin zamani a idonmu shi ne kwalba. Ina tuna ranar da samarin unguwarmu suka zuba gamalin, wani maganin ƙwari, a wani kududdufi. Kafin a jima kifi ya taso sama, cikinsa fari fat yana kallon rana. Muka shiga da kwanduna muna kwasa muna ihu. A daren nan kowane gida ya soya kifi, babu wanda ya tambayi abin da ya kashe shi.

Ina da shekara 14 na fara goya famfon feshi, don bayan Baba ya fara ciwo. Famfon lita 16 ne, murfinsa ya sha jiki, duk taku ɗaya sai ruwan maganin ya tsiyayo ta wuyana ya bi gadon bayana har cikin wando. Ba takalmi, ba safar hannu, ba takunkumi. Idan kan famfon ya toshe sai in kwance shi in sa a baki in hura. Idan ban ga kara a kusa ba da hannu nake motsa haɗin a bokiti. Da yamma kai ya ɗauki ciwo, ido ya yi ja, sai a ce in sha nono, wai nono yana kashe dafi. Haka na ga kowa yana yi, haka na yi.

Kuma magani muke ce masa. Baba zai ce, "Je ka sayo magani," da kalmar da yake faɗa idan zazzaɓi ya kama Inna. A kan katanga ɗaya muke ajiye su, na gona da na mutane. Idan galan ya ƙare a ɗauraye shi a zuba man gyaɗa, ko a yanke shi a yi buta. Rubutun jikin kwalbar da Turanci yake, ƙanana ƙanana, ba mai karantawa. Mai shago shi ne likitanmu. Zai ce murfi biyu a famfo ɗaya, in ƙwarin ya yi taurin kai ka ƙara ɗaya. Sai da na girma, bayan komai ya faru, na san cewa zanen launin da ke ƙasan takardar kwalbar magana yake yi: ja shi ne mafi haɗari, sai rawaya, sai shuɗi, sai kore. Shekara goma sha ina kallon jan nan, na ɗauka ado ne.

A 2008 muka ji a rediyo cewa ɗalibai mata sama da ɗari a wata makaranta da ke Doma, a jihar Gombe, sun kwanta asibiti bayan sun ci wake mai maganin ƙwari. A shekarar ce hukumar NAFDAC ta haramta wasu magungunan gona guda 30, har da sinadarin da ke cikin gamalin ɗin nan da muka ci kifinsa. Muna zaune a majalisa muka ji, muka ce Allah ya kyauta, aka ci gaba da hira. A wannan shekarar na yi aure. Shekara ta zagayo aka haifa mini ɗa namiji.

Wanda ya tashi a gidan Hausawa ya san kunyar ɗan fari. Ban taɓa kiran sunansa ba. "Kai" nake ce masa, ko in ce "yaron nan". Ban taɓa ɗaukarsa a gaban mutane ba. Inna ce take jansa a jiki tana kiransa maigidanta, tana ce masa ina kuɗin cefane. Yaro ne mai shiru, mai son garau-garau kamar me. In an dafa shi a gida sai ya suɗe kwano, ya koma bakin murhu yana leƙen tukunya.

Na zama mai feshin haya. Ana biyana kowane famfo, a rana nakan yi goma sha biyu, wani lokaci fiye. Da wannan na riƙe gida har 2016, shekarar da tsutsar nan da manoma suka sa wa suna sharon ta faɗa wa tumatir. Wanda bai gani ba ba zai gane ba. 'Yar ƙaramar tsutsa ce, takan shige tsakanin fatar ganye ta yi ta ci ta ciki. Ka bar gona kore shar da yamma, bayan kwana biyu ka dawo ka tarar kamar an bi ta da wuta. Ta cinye gonakin Kadawa da Kura da Garun Malam, a Kaduna har sai da gwamnati ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir. Da yake a cikin ganye take ɓuya, feshi bai cika samunta ba. Mu kuwa da muka ga magani ɗaya bai yi ba sai muka haɗa biyu, muka haɗa uku, muka haɗa huɗu a bokiti guda. Kowa da irin haɗinsa, kowa yana rantsuwa nasa ne yake ci.

Duk kwana biyu ake feshi. Na sha fesa gona bayan la'asar, da sassafe masu tsinka su shiga. Kowane magani yana da kwanakin da ya kamata a jira tsakanin feshi da tsinka, an rubuta a jikin kwalbar, amma wa zai jira alhali kwandon tumatir ya yi tsadar da ba a taɓa gani ba? Za ka ga farin busasshen magani a jikin tumatir, yara su goge da tsumma, a jera a kwando, a kai Kwanar Gafan, a loda a mota sai Legas. Ko sau ɗaya ban tsaya na yi tunanin tukunyar da zai faɗa ba.

Wata rana da tsakar rana, ina kan famfo na tara, sai na ji gumi yana zubo mini kamar an juye mini bokiti. Yawu ya cika bakina, ina tofarwa yana ƙaruwa. Gari ya yi mini duhu alhali rana tana tsaka. Naman cinyata ya kama rawa shi kaɗai. Na durƙusa ina amai, daga nan ban iya tashi ba. Abokan aikina suka danne ni suka ɗura mini manja da nono. Na shaƙe, ya bi ta hanci, na ji numfashina yana ƙara kamar ana tafasa ruwa a ƙirjina. A bayan babur aka kai ni asibiti, mutum ɗaya a gaba, ɗaya a baya yana riƙe da ni.

Likitan ya buɗe idona ya haska, ya ce wa ƙanena ƙwayar idon ta tsuke ta koma kamar bakin allura. Aka tuɓe mini kaya aka wanke ni da sabulu. Aka yi ta yi mini wata allura mai suna atirofin, ana yi ana ƙarawa, har sai da bakina ya bushe ƙirjina ya washe. Da na farfaɗo ya zauna ya yi mini bayani. Ya ce irin waɗannan magunguna suna hana jijiya katse saƙon da ta aika, sai jiki ya yi ta aiki ba tsayawa, yawu da gumi da majina su yi ta zuba har huhu ya cika, mutum ya nutse a cikin ruwan jikinsa. Ya ce ba sai an sha ba, ta fata ma yana shiga, musamman in jiki ya jiƙe da gumi. Ya ce manjan da aka ɗura mini ya kusa ƙarasa ni, don in ya faɗa huhu wata cutar ce daban. Kwana tara na yi a gadon nan. Na dawo gida hannuna yana karkarwa, ko kofin shayi sai na riƙe da hannu biyu.

Na rantse na bar feshi, kuma na bari. Na ɗauka na rabu da guba.

Wani ɗan'uwa ya nuna mini harkar ajiyar wake. Ka saya da kaka yana araha, ka ajiye, ka fitar da bazara ko farkon damina in ya yi daraja. Na bi shi kasuwar Dawanau na ga yadda buhuna suke tsibi kamar duwatsu, raina ya biya. Matsalar wake ɗaya ce: ƙwaro. Tun daga gona yake biyo shi, ƙwansa yana manne a jikin ƙwayar. In ka bar shi haka, wata biyu zuwa uku ka buɗe buhu ka tarar da huji da gari. Aka koya mini yadda ake yi. A baza waken a tamfol, a yayyafa masa fiya-fiya, a juya da shebur, a ɗura a buhu. Sannan a naɗe wata ƙwaya mai launin toka a takarda a cusa a tsakiyar buhun. Ƙwayar nan a cikin gwangwani take zuwa, in ka buɗe sai wani wari kamar na tafarnuwa ya buge ka. Ni a tunanina tunda ba fesawa nake ba, ba ya taɓa jikina, ai babu komai.

Shekarar farko na ci riba. A kakar 2018 sai na faɗaɗa. Na karɓi kuɗi a hannun wani attajirin garinmu, na haɗa da nawa, na sayi buhu 28. A daidai lokacin ake ta yaɗa wani bidiyo a waya na wasu 'yan kasuwa suna zuba fiya-fiya a wake, hukumomi suna gargaɗi. An nuna mini. Na ce waɗannan sun cika hannu ne, mu namu da ƙa'ida muke yi.

Ban kama shago a kasuwa ba, ina gudun kuɗin haya, ina tsoron ɓarayi. A gida akwai wani dogon ɗaki da muka raba biyu da katanga. Gefe ɗaya yarana maza biyu suke kwana, babban mai shekara tara da ƙaninsa mai shida. Ɗaya gefen babu kowa. Nan na jibge buhunan. Katangar da ta raba su ba ta kai rufi ba, akwai tazarar da ta kai kamu ɗaya tsakaninta da kwano. Kullum ina ganinta.

A watan Disamba, sanyi ya sauko sosai, na shiga duba kaya. Na dafa wani buhu na ji shi da ɗumi. Na kara kunne na ji ƙas-ƙas-ƙas a ciki. Gabana ya faɗi, don kuɗin mutane ne. Na hau babur na je na sayo gwangwani biyu na ƙwayar. Na cusa uku uku a kowane buhu, ragowar na watsa a tsakanin buhunan a ƙasa. Mai shagon ya ce in rufe ɗakin ruf kada iska ta fita. Na toshe taga da tsumma, na toshe ƙasan ƙofa da buhu, na sa kwaɗo. Ban ɗaga kai na kalli sama ba.

A daren nan mahaifiyarsu ta rufe tagar ɗakin yaran da tsohon bargo saboda hunturu, ta ja musu ƙofa.

Da safe tsakar gida tana ɗan warin tafarnuwa. Na ga ɓeraye biyu a mace a bakin ƙofar ɗakin ajiyar. Akwai wata kaza da take kwanci a lungun ɗakin yaran, bayan akwati, aka same ta ta miƙe wuya a kan ƙwanta. Na ga wannan duka da idona. Abin da na ce a raina shi ne, maganin nan yana da kyau. Yaran suka tashi suna cewa kansu yana ciwo, ƙaramin ya yi amai sau biyu. Muka ce zazzaɓi ne ko sanyi ya kama su. Na je kemis na karɓo magani.

Da daddare uwar ta ce ƙaramin ya kwana a ɗakinta tunda jikinsa ya fi zafi. Babban yana tsaye a bakin ƙofa, ya ce a hankali, "Baba, ni ma kaina yana ciwo." Na ce, "Kai ba babba ba ne? Je ka kwanta, da safe za ka ji sauƙi." Ya ce, "To, Baba." Ya juya ya tafi. Ina jin ƙarar ƙofar da ya ja.

Babu ranar da za ta fito ta faɗi ban ji wannan "To, Baba" ba.

Da asuba na buga masa ƙofa ya tashi salla, shiru. Na tura. Warin da ya tare ni sai da na ja baya. Yana kwance a tabarma a gindin katangar, ya yi amai har ya gaji, ya dafe ƙirji da hannu biyu. Jikinsa sanyi ƙalau, leɓensa ya canja launi. Ya buɗe ido ya ce, "Baba, ƙishirwa." Na sungume shi. Rabon da in ɗauke shi tun yana jariri, shi ma a ɓoye.

Asibitin garinmu suka sa masa ruwa, suka ce mu wuce Kano. A can wata likita ta duba shi, ta auna, ta sake aunawa, ta ce jininsa ya yi ƙasa ƙwarai. Ta tambayi abin da ya ci, na faɗa. Ta tambaya ko akwai wani mara lafiya a gidan, na ce ƙaninsa. Ta ce, "A ɗaki ɗaya suke kwana?" Na ce e. Ta ajiye biro ta kalle ni ta ce, "Malam, me kuka ajiye a ɗakin, ko kusa da shi?" Kafin in buɗe baki na riga na sani. Kazar nan ce ta faɗo mini.

Na kama roƙonta ta yi masa allurar da aka yi mini a 2016. Ta girgiza kai. Ta ce wannan daban ne. Ƙwayar nan idan ta sha danshin iska sai ta riƙa fitar da wata iska mai guba da ake kira fosfin, kwana da kwanaki tana fita. Buhun saƙa ba ya riƙe ta, katanga mai tazara ba ta tare ta. Tana kama zuciya da huhu, kuma ta fi saurin kayar da yara. Ta ce ba ta da makari. Abin da za su iya shi ne su tallafi numfashinsa da zuciyarsa, su ga ko jikin zai iya jurewa. Ta sa aka buga waya gida a fitar da kowa daga sashen nan, a kawo ƙaramin a duba shi.

Ya kai dare. Ina zaune a gefen gadon ina riƙe da ƙafarsa. Wajen ƙarfe biyu numfashinsa ya fara yankewa. A nan na kira sunansa. Na kira da ƙarfi, sau uku, a gaban ma'aikata da masu jinya, sunan da shekara tara ban taɓa furtawa ba. Ban sani ba ko ya ji.

Aka yi jana'iza da hantsi. Mutane suna ta shigowa, Allah ya ba da haƙuri, Allah ya sa mai ceto ne, kwana ne ya ƙare. Ina amsawa da amin. Wanda ya tambayi abin da ya same shi sai in ce zazzaɓi ne na kwana biyu. Na yi imani da ƙaddara a lokacin, yau ma na yi. Amma na san hannun da ya watsa ƙwayar nan, na san idon da ya ga mataccen ɓera ya yi murna. Na kasa haɗa waɗannan biyun a zuciya ɗaya. Barci ya ƙaurace mini. In na rufe ido sai in ga tazarar nan ta saman katanga.

Matata ba ta taɓa ce mini kai ka jawo ba. Da ta faɗa, da wataƙila ya fi mini sauƙi. Ta yi shiru, tana aikinta, tana kai ƙaramin asibiti har ya warke. Abu ɗaya ne ya canja: ta daina dafa wake. Ko ƙosai aka aiko daga maƙwabta sai ta bayar. Inna kuwa ta daina zama a inda take zama da yamma, inda maigidanta yake zuwa ya kwanta a cinyarta.

Bayan an yi arba'in, farashi ya fara motsi, mai kuɗi ya aiko a tambaye ni. Na kira dillali na sayar da buhu shida. Ranar da aka zo ɗaukar kashi na biyu, matata ta tare ni a zaure. Ta ce, "Malam, waken nan ina za a kai shi?" Na ce kasuwa. Ta ce, "In na ɗebo mudu ɗaya na dafa, za ka bar yaron nan ya ci?" Na yi shiru. Ta ce, "To ɗan wa zai ci?" Ta koma ciki.

Na sallami masu mota. Na kwana uku ina juya maganar. Bashi yana wuyana, buhu 22 suna gabana, duk wanda na yi wa zancen sai ya ce kowa haka yake yi, in an wanke an dafa ai shi ke nan. Daga ƙarshe na je wurin wani malamin gona, na faɗa masa komai, shi ne mutum na farko da na gaya wa gaskiya. Bai yi mini faɗa ba. Ya ce ƙwayar an yi ta ne don ma'ajiyar da ke nesa da inda mutane suke kwana, a hannun wanda aka horar, a rufe da leda mai kauri, a kuma buɗe hatsin ya sha iska kafin a taɓa shi. Fiya-fiya kuwa, wadda sinadarinta ake kira diklobos, ba a yi ta don a kwarara a kan abinci yadda muke yi ba. Ya ce tun 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda wannan sinadarin, don abin da suka yarda da shi bai wuce miligiram 0.01 a kilo ɗaya ba, namu kuwa ana samun ya ninka haka sau da yawa. Ya ce, "Su sun mayar da shi. Mu wa zai mayar mana?"

Ban sayar da sauran ba. Na kwashe su zuwa wata rumfa a gona. Da lokacin shuka ya yi na raba wani a matsayin iri ga manoman da na sani, a bakin gona nake auna musu, ina faɗa musu da bakina cewa ba na ci ba ne. Abin da ya rage na haƙa rami mai zurfi nesa da ruwa na binne. Na sayar da babur, na jinginar da gonar da na gada, na biya mai kuɗi. Shekara uku ina ƙwadago a gonakin mutane kafin in fanshe ta. Wasu sun ce baƙin ciki ya taɓa mini kai.

Buhu shidan nan da na riga na sayar, da na shekarar da ta gabace su, da kwandunan tumatir na 2016, ban san cikin da suka shiga ba. Ina neman gafarar Allah a kansu, ina kuma neman gafarar duk wanda ya ci.

Malamin gonar shi ya fara nuna mini buhun PICS. Leda biyu ne masu kauri a ciki, buhun saƙa a waje. Ka busar da wake sosai, ka zuba, ka matse iska, ka ɗaure ledar farko, ka ɗaure ta biyu, ka ɗaure buhun. Ƙwaron da ke ciki zai shaƙe 'yar iskar da ta rage, ta ƙare, ya mutu. Babu ɗigon magani. Masana na jami'ar Purdue ta Amurka ne suka fito da shi tare da masu bincike na Afirka, kuma tun 2007 ake yaɗa shi a Afirka ta Yamma. Da ya gama bayani sai na tuna tulun kakata da take liƙewa da laka. Na zauna a ƙasa a ofishinsa na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza. Shekara da shekaru buhun nan yana ƙasar nan kafin daren da na watsa ƙwaya. Na sha ganinsa a kasuwa, na ce ya yi tsada.

A 2019 NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalaben diklobos a kasuwanni da kantuna, daga baya ta haramta maganin ciyawar nan farakwat daga farkon 2024. Na ji daɗin hakan. Amma dokar da aka yi a Abuja ba ta shiga ɗakin kwanan yara ta duba saman katanga. Wannan sai mu.

Ranar wata Juma'a a ƙarshen 2020, da kaka, na roƙi liman ya ba ni dama bayan an sallame. Na miƙe ƙafafuna suna rawa. Na ce, jama'a, ɗana ba zazzaɓi ne ya kashe shi ba. Na faɗi komai, har da ɓerayen, har da kazar. Masallaci ya yi tsit. Da aka fito wani dattijo ya riƙe hannuna, ya ce a daren jiya ya sa ƙwayar nan a buhunan masara, kuma a ƙarƙashin gadon jikokinsa suke. Tare muka tafi gidansa da gudu muka fitar da su.

Yanzu na koma noma, kuma ina feshi in ya zama dole, don ban ce a bar ƙwari su cinye gona ba. Amma da sassafe nake yi ko da yamma, iska tana bayana, da takalmin ruwa da safar hannu da takunkumi, da leda a gadon bayana. Magani ɗaya, gwargwadon da aka rubuta, in ban gane ba in kai wa mai karatu. Ina ƙirga kwanaki kafin in tsinka. Galan in ya ƙare in ɗauraye shi sau uku in juye a famfo, in huda shi don kada wani ya zuba mai. Kayan feshina ba sa shiga cikin gida. Ƙanin marigayin ya kai shekarun da na fara goya famfo, abokansa suna zuwa feshin haya suna samun na kashewa. Ya roƙe ni sau biyu. Na ce a'a, kuma na faɗa masa dalili, da sunan yayansa a bakina.

A daminar da ta wuce na kwance wani buhu da na ɗaure tun kaka, waken gonata, wanda ba abin da ya taɓa shi sai rana da leda. Na zuba a faranti ina dubawa a tsakar gida, babu huji ko ɗaya. Matata ta zo wucewa ta tsaya. Ta sa hannu ta ɗebo, ta kai hanci ta shinshina, ta daɗe tana kallonsa a tafinta. Ba ta ce komai ba, ta ɗauki farantin ta shiga madafa. Da azahar ta fito da garau-garau, da mai da yaji. Ta zuba wa Inna, ta zuba wa yara, ta zuba mini. Sannan ta ɗauko ƙaramin kwanon nan da ta ɓoye a ƙasan akwati tun 2018, ta wanke shi, ta zuba nata a ciki, ta zauna a bakin ƙofa ta ci.